Ni na kai Yaya wurinsa

Kuma fa a lokacin ji nake na tsinci dami a kala. Wata shida ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam a waya, ba malami ba makaranta, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha bayani. A nan na gano abin da ke damun yayata yana da suna, kuma ana warkewa. Tun da aka kashe mijinta a hanya, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zube ƙasa. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa a gidanmu a Lamisula, amma har hayaƙin ya fara tayar mata da hankali.

Sai na ga wani allo a jikin bene kusa da Kasuwar Kwastam, wai masanin ƙwaƙwalwa da damuwa. Na hau. Farar riga, takardu uku a bango cikin gilashi. Ya riƙa jero kalmomin da na haddace a waya, ni kuwa na narke.

Sati biyu ina roƙon Yaya.

"Auta, mahaukaciya ka mai da ni ke nan?"

"Ba hauka ba ne, Yaya. Ciwo ne kamar hawan jini."

"To, likitan waya. Don kai zan je."

Yaya irin matan nan ce da ba sa kama sunan miji. Duk zamansu "baban yara" take cewa, bayan rasuwarsa kuma "marigayi". Da muka je, mutumin ya ce ai nan ciwon yake. Wai dole sai ta kira sunan mijin da ƙarfi, ta ba da labarin ranar tun daga farko, har yadda aka kawo gawar. Ta juyo ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta kira sunan, ta yi kukan da ko a zaman makoki ba ta yi ba. Wayar mutumin na jingine da robar ruwa a kan tebur tana ɗaukar bidiyo, ya ce don bibiyar jinya ne.

Kwana huɗu bidiyon ya shigo unguwa. Ya sa a shafinsa, wai shaidar wadda ta warke a zama ɗaya. Mata suka riƙa shigowa da sunan sayen turare, su ce "wushe, wushe", wato sannu, su tsaya suna ƙare mata kallo. Dangin mijin suka aiko, wai ashe haka take kiran ɗansu gatsal a gaban duniya.

Na koma wurinsa don ya goge, ya ce ai mu muka kawo kanmu. Ranar na karanta takardun bangon da kyau: bitar kwana uku, bitar kwana biyar, ɗayar ma ta halartar taro ce.

Na kai ƙara wani ofis a GRA. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni tsaf.

"Ɗana, likita ne?"

"A'a, Baba."

"Nas ne, ko mai kemis?"

"A'a."

"Da ɗaya daga cikinsu ne, akwai lasisin da za a ƙwace. Wannan ba wanda ya ba shi komai, me za mu karɓe? Kai ma gobe ka ɗinka farar riga ka kafa allo, ka ga ko akwai mai tambayarka."

Daga baya na ji akwai ƙwararru na gaske a asibiti, waɗanda suka yi shekaru suna karatun. Na je wa Yaya da maganar tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Auta, ka bar ni da Ubangijina."

Ba ta taɓa yi min faɗa ba. Tana zuba min abinci, tana amsa gaisuwata. Amma in tana hira da Inna na shigo, sai ta yi shiru har in fita.

Don Allah, wanda ya taɓa kai nasa irin wurin nan ya gaya min yadda ya rarrabe na gaske da na bogi. Wanda kuma nasa ya ƙi komawa, ya gaya min da wane baki ya lallashe shi, don nawa Yaya ba ta ji yanzu.