Sunan Maigida a Gaban Surukina

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da muka je rajistar zaɓe a lakwal ɗin Tajaye, wato makarantar bokon garinmu, ba. Lokacin an soma siyasar jam'iyyu da yawa, ni kuwa ina amarya, mijina ya tafi cin rani Ikko. Matan unguwarmu suka ja ni muka tafi, ina ta ɗokin in samu katina kamar kowa.

Mai rubutun wani ma'aikaci ne baƙo da aka turo daga Yamai, Hausarsa ba ta nuna ba. A gefensa dattawa ne zaune kan tabarma suna shaida cewa mutum ɗan gari ne. Sai da layi ya zo kaina na ga surukina, mahaifin mijina, a cikinsu.

Na faɗi sunana da na mahaifina. Sai mutumin ya ce, "Sunan miji?"

Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacinmu mace ba ta kama sunan mijinta ko a cikin ɗaki, balle gaban wanda ya haife shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Maigida." Ya soma rubutawa, yana tambaya ko Maigida wa. Layi ya kwashe da dariya. Shi kuma ya zaci raini ne, ya ajiye biro ya ce in ba zan faɗa ba in ba na baya wuri. Na ja mayafi na rufe fuska, har na juya zan tafi gida ba kati.

Sai surukina ya miƙe, ya ɗauki butarsa ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali ko rana ba ta take ba. Bai ko dubi inda nake ba. Da ya ɓace bayan ajin, na raɗa sunan a hankali. Ma'aikacin kuwa ya maimaita shi da ƙarfi don ya tabbatar, kowa ya ji. Na daɗe ina shan tsiya a bakin rijiya.

Katin dai na samu, na kuma jefa ƙuri'ata. Baba, surukin nawa, bai taɓa tayar da zancen ba har ya rasu. A wurinsa na koyi cewa in kunya ta kama na ƙasa da kai, ba sai ka yi magana ba, ka tashi ka ba shi wuri. Haka nake yi wa matan 'ya'yana yanzu.