Malama Mai Agushi

A shekarun da aka buɗe ilimin firamare kyauta, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, azuzuwa sun cika har yara na zama a kan taga. A wata makaranta ta wajen Badariya, duk yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, sai a tura shi ajin ƙarshe, na jikin katanga kusa da rijiya. Malamai ba sa son ajin. Wadda aka bar wa shi ita ce Malama Cecilia.

Daga ƙasar Jos ta fito. Mijinta Ephraim makanike ne a ma'aikatar ayyuka, canjin wurin aiki ya kawo su, suka zauna. Gajeriya ce mai jiki, muryarta ba ta da ƙarfi, rubutunta a allo kuma ba kyau, sufetoci sun sha gaya mata haka. Abin da aka san ta da shi kwanon agushi ne. In lokacin karatu ya yi, sai ta bar kujerarta ta zauna a benci cikin yara, ta ɗora kwanon a cinya tana ɓara. Yaro ya zo gefenta da littafi ya karanta. Ba ta duban shafi. In ya yi tuntuɓe ba ta gyara masa, sai dai in maganar ta ƙi ma'ana ta ce, "Ban gane ba. Akuyar ce ta hau jirgi ko mai akuyar?" Yaro ya koma ya duba da kansa. Wani malami ya taɓa tambayarta dalili, ta ce yaron da ake kallon bakinsa harshensa yakan yi nauyi, ita kuma in hannunta ba ya aiki idonta ba ya barin bakin yaro.

Aikin gida ɗaya take bayarwa. Kowane yaro ya karanta wa wani a gida shafi guda, ya roƙi mutumin ya yi masa tambaya a kan abin da ya ji, gobe ya kawo tambayar aji. A kan waɗannan tambayoyi ake kwashe safiya ana musu. Ajin ya yi suna wajen hayaniya.

Asiya ba ta san da wannan duka ba sai da Riskuwa ta shiga ajin.

Riskuwa ce 'yarta ta fari. Tun yaye kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Argungu, kamar yadda aka saba. Can ta girma tana kiran kakar Inna, Asiya kuwa in an haɗu da salla ta ce mata Yaya. Asiya ta tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ƙwarai. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, in aka yabe ta a gabanta sai ta tashi ta duba tukunya. Ta yi sakandare, tana buga tafireta a ofishin gona, amma wannan bai taɓa wancan ba. Haka ta ga uwarta ta yi da babban wansu har ya yi furfura.

Da ƙafafun tsohuwa suka gaza, aka dawo da yarinyar Birnin Kebbi tana da shekara tara. Ta iya dashen albasa, ta san sunayen kifin gulbi, amma karatu sai dai ta rera shafi da ka in an fara mata. Ba ta daɗe a makarantar ba aka tura ta ajin rijiya. Asiya ta sayo littattafai ta ɗora a kan akwati, ta ce da iska, "A gaya wa waccan akwai littafi nan." Littattafan suka zauna inda aka ajiye su.

Bayan 'yan watanni sai sunan Malama ya shigo gidan ya ƙi fita. Malama ta ce littafi ma yakan yi kuskure. Malama ta ce in ba ka yarda ba ka faɗa. Malama tana dariya har da hawaye. Da la'asar yarinyar takan ɗauki littafi ta bi mutanen gida: ubanta Dikko in ya dawo aiki, maƙwabciya ta bayan katanga, da Baba Labbo, tsoho mai tallar albasa a ƙofar gida. Asiya na madafa tana ji.

Wata rana ta ji Baba Labbo ya katse karatun.

"Tsaya, jikata. Tarwaɗa ce ta yi tsalle ta hau jirgi?"

"Haka anka rubuta, Baba."

"To wanda ya rubuta wanga bai taɓa jiƙa ƙahwa a gulbi ba. Ki tambayi Malamarku ko a ɗaki yake kamun kifi."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta shiga maimaita tambayar don kada ta manta. Asiya ta ci gaba da tuƙa tuwo. Ita ma tana da tambaya a kan shafin, wadda ta fi ta tsohon, kullum tana da ita. Tana shirya ta tun daga layin farko, ta gyara ta, ta ajiye. Ba wanda ya zo karɓa.

Ranar da Riskuwa ta gama littafinta na farko, Malama ta ƙulla mata ɓararren agushi a tsumma, kamar yadda take yi wa kowane yaro. Yarinyar ta kawo ta ajiye kusa da murhu. Asiya ta ɗauka ta ɗora a kan kantar ɗaki. Mako guda miyar kuka aka sha a gidan.

"Wagga malama," ta ce da Dikko, "koyarwa take ko miya?"

"Yarinya na karatu. Mi kike so kuma?"

"An ce ajin kamar kasuwar kifi. Tunda ta iya, a maida ta cikin masu hankali."

Dikko ya dube ta ta saman jarida. "Asiya, kishi kike da mai agushi?"

"Ni ban ce komi ba."

"Shi na gani."

Asiya ta nemi izini a ofis wata safiya, ta nufi makarantar da niyyar ganin hedimasta. Hanyar ofishinsa ta bi ta gaban ajin rijiya, ƙafarta kuma ta tsaya a taga ba da shawararta ba. Yara sun yi cincirindo suna gardama a kan tarwaɗa. Riskuwa na zaune a benci, kafaɗarta jingine da ta Malama, yatsanta a kan shafi. Malama na ɓara tana cewa, "Riskuwa, sake karanta wurin. Ku yi shiru ku ji Riskuwa." Sunan yana fita daga bakinta sakaka, kamar kowane suna. Ita ta ɗauki cikin nan, ita ta yi naƙudar, amma sunan bai taɓa hawa harshenta ba ko a ɗaki ita kaɗai.

Malama ta hango ta, ta fito da kwanon a hannu.

"Sannu da zuwa, madam. Wa ake nema?"

"Daga gidan Malam Dikko nake."

"A'a, ke ce Yaya. Kullum ina jin labarinki, an ce kina buga takarda ba ki kallon hannu. Maman tana Argungu, ko? In kin je ki gaya mata 'yarta tana da kai."

"Wadda ke Argungu kakarta ce."

Hannun Malama ya tsaya a cikin kwano. Ta daɗe a garin, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba.

"Yi haƙuri, madam. Ban sani ba." Ta ci gaba da ɓara. "Na ji tambayar babanta, na ji ta mai albasa. Taki ce ban ji ba."

"Ba a kawo mini karatu ba."

"To," in ji Malama.

Asiya ta kai ƙofar hedimasta, sai ta tuna zai tambaye ta sunan yarinyar, da abin da take a gare ta. Ta juya ta koma ofis.

A farkon mako ta ji Riskuwa na gaya wa Baba Labbo cewa an sake aikin gida: wannan makon kowa ya karanta wa wanda bai taɓa karanta wa ba. Asiya ta gane don wa aka yi. Ranta ya ɓaci. Ashe ko wannan ma sai ta hannun matar nan zai zo mata, kamar sadaka. Duk da haka ranar ta dawo gida da wuri, ta zuba shinkafa a faifai, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsinta.

Yarinyar ta wuce ta, ta karanta wa mai ga-ruwa. Kashegari ta karanta wa baƙuwar maƙwabta. Asiya ta tsince shinkafar da za ta ishe su har salla. Sai ranar Alhamis, da baƙi suka ƙare, ta ga inuwa ta tsaya a gefen faifai.

"Yaya, Malama ta ce..."

"Na ji. Ina tsintar shinkafa."

Wannan ba i ba ne, ba a'a ba ne. Yarinyar ta ɗauke shi i. Ta tsuguna nesa kaɗan, a inda tabarma ta ƙare, ta buɗe littafi. Labarin wata yarinya ne da aka aika da abinci gona a tsallaken gulbi, kafin ta juyo ruwa ya ƙaru, ta zauna a bakin gaɓa tana jiran mai jirgi. A wuri biyu Riskuwa ta yi tuntuɓe, gyaran ya zo wa Asiya har leɓe, ta haɗiye shi, ta sa ido a kan faifai. Yarinyar ta koma ta gyara da kanta. Asiya ta lura cewa ita kanta zaman Malama take yi, hannu na aiki ido a ƙasa, ta ji haushin hakan, amma ba ta ɗago ba.

Shafi ya ƙare.

"Sai tambaya," in ji yarinyar.

Duk tambayoyin da Asiya ta tara watanni suka watse. Wadda ta fito ba ta shirya ta ba.

"Duk wanga lokaci, ina uwar yarinyar take?"

Riskuwa ta duba shafin, ta juya na baya, ta leƙa na gaba.

"Ba a rubuta ba."

"To, ita ce tambayar."

Yarinyar ta maimaita ta a hankali sau ɗaya, ta rufe littafi ta tashi.

Ranar Juma'a Asiya ta jira a gaya mata yadda aka yi. Ba a gaya mata ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ta ce a ranta akwai lokaci, tunda an fara. Sau biyu bayan nan yarinyar ta tsaya kusa da faifai, sai wani ya yi sallama, Asiya ta tashi.

Bazarar shekarar sanƙarau ya shigo gari. Riskuwa ta dawo makaranta tana cewa wuyanta na ciwo. An kai ta asibiti, an yi abin da aka iya. Ba ta kai mako ba.

A zaman makoki Asiya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ba a yi wa ɗan fari. Mata na shigowa suna cewa Allah ya ba da haƙuri, tana amsawa daidai. Sai ga Malama Cecilia ta lulluɓe kai da mayafin aro. Ta zauna cikin mata ta fashe da kuka, tana kiran sunan, tana faɗin yadda yarinyar take murtuke fuska in littafi ya yi ƙarya. Wasu suka dubi juna. Asiya ta dube ta, ta ji ko hawayen nan ma tana ƙyashin su.

Da Malama ta tashi tafiya, Asiya ta raka ta har zaure, abin da ba ta yi wa kowa ba.

"Malama, tambayar nan. An kai?"

"An kawo, madam. Ranar ba mu yi lissafi ba saboda ita." Ta share fuska da bakin mayafi. "Wasu suka ce uwar ta tafi kasuwa. Wani ya ce ta mutu, shi ya sa ba a rubuta ta ba. Aka kusa dambe. Na ce Riskuwa ta faɗi nata, tunda ita ta kawo."

"Mi ta ce?"

"Ta ce, 'Tana nan. Tana bakin ƙofa tana duban hanya. Ba ta magana ne kawai.'"

Asiya ta gyaɗa kai. Ta yi godiya, ta ce a gaida maigida. Ta tsaya a zauren har tafiyar Malama ta ɓace. Ta san ya kamata abin ya sanyaya mata rai, kuma ya sanyaya. Amma a ƙarƙashinsa ƙyashin nan yana nan, bai motsa ba: an faɗi maganar nan da muryar yarinyar, a gaban aji guda, kuma kunnen da ya ji ba nata ba ne.

Malama Cecilia ta riƙe ajin rijiya har ta yi ritaya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ba a taɓa ƙara mata matsayi ba. Da Ephraim ya rasu, 'ya'yanta suka zo suka mai da ita gida. Cikin waɗanda suka zauna a gefen kwanonta akwai malamai yanzu, akwai direbobi da masu sayar da shinkafa, kuma in suka haɗu har yau suna musun tarwaɗa. Ƙannen Riskuwa biyu sun bi ta ajinta, Asiya ce da kanta ta nemi a sa su. A shekarun nan, in Asiya da Malama suka haɗu a kasuwa sukan gaisa da mutunci, ba su taɓa daɗewa ba.

In aka tambayi Asiya labarin Malama, takan ce, "Ta iya aikinta." Ba ta ƙarawa.