Tayar da Zadok Ya Bari ta Kwana

Ranar jana'izar mijina Zadok, fasto ya miƙe ya ce marigayi mutum ne mai sanyin hali, ko kaza bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Mutumin da rana ba ta faɗuwa sai ya wasa wuƙa ya yi yanka, shi ne mai sanyin hali? Fasto bai san shi ba. Ni Liyatu, da na zauna da shi tun kaina baƙi ƙirin har ya yi furfura, ni na san shi.

Mai faci ne. Rumfarsa tana bakin titi a Gwadabawa cikin Jimeta, a gindin wata darbejiya, ni kuma ina gefensa da tukunyar kunun gyaɗa. Daga Ganye muka zo, da tabarma ɗaya da famfon iska na hannu. Da famfon nan ya ciyar da mu, da shi ya kai 'ya'yanmu Hosea da Debbie makaranta. Tafin hannunsa ya fi tayar da yake wa faci kauri. Lokacin da na kwanta doguwar jinya bayan haihuwar Debbie, shi ne daka, shi ne wanki, har goyon jaririyar ya yi yana buga iska, 'yan acaɓa suna masa dariya. Bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba.

Yankan da na ambata kuwa, ga asalinsa.

Wata rana da hantsi, Hosea yana rarrafe, muka ji ihu daga wajen tasha: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Sai ga wani mutum a guje, ba riga, jini ya rufe masa ido. Daidai gaban rumfarmu wani ya sa masa ƙafa ya faɗi. Suka rufar masa da duwatsu da itatuwa. A lokacin Zadok yana tara matattun tayoyi kamar kowane mai faci, masu babbakar ganda suna saya, masu danne rufin kwano suna saya. Wani ƙato ya miƙa hannu ya zari ɗaya daga kan tarin. Suka zura wa mutumin a wuya, aka tsiyayo fetur daga tankin babur, aka ƙyasta ashana.

Kukan da ya yi, bakina ba zai iya faɗa ba. Ya tashi da wutar a jikinsa, ya ɗan taka, ya faɗa kwata. Zadok yana tsaye da famfo a hannu, ko motsi bai yi ba. Da aka watse, wayoyin cikin tayar ne suka rage, sun zagaye abin da ya saura na mutum. Wasu suka ce rediyo ya sata, wasu suka ce yankan aljihu ya yi, mafi yawansu ma ba su tambaya ba.

A gida na ajiye masa tuwo, ya ture kwanon.

Ya ce, "Maman Hosea, tayana ne. Ni na ajiye shi a wurin."

Na ce, "Kai ka ƙyasta ashana?"

Ya ce, "Ni na ajiye shi."

Washegari ya sayo wuƙa da zarto. Daga ranar, duk tayar da ta mutu a hannunsa ba ta kwana da kamanninta. Kafin ya rufe rumfa zai taka ta da ƙafa, ya tsoma wuƙa a ruwa, ya tsaga ta, ya bi wayar da zarto. Aiki ne mai cin rai. Wayar ta sha yaga masa hannu, har kan ɗan yatsansa na hagu ya tafi a nan. Abin da ya yanka yakan yi guga da shi, ko igiyar ɗaurin kaya, ko takalmi. 'Ya'yanmu da takalmin taya suka yi firamare, Debbie ta sha dawowa da kuka don tsokanar 'yan ajinsu.

Na yi faɗa har na gaji. Nakan ce, "Baban Hosea, abincinmu kake yankawa. In ba su samu a wurinka ba, za su samu a wurin wani." Sai ya ce, "Su samu a wurin wani." Hali zanen dutse, na bar shi da wuƙarsa.

Babu wanda ya iya tanƙwara shi sai jikarmu Endurance, 'yar Debbie. Yarinya ce mai baki kamar nawa. In an tashi daga makaranta wurinmu take zama har uwarta ta taso daga ofis. Ta ga lilon taya a wani gida a unguwar Karewa, ta dawo ta sa shi a gaba.

"Kaka, ina son lilo."

"Zan yi miki na katako."

"Katako yana cizon mutum. Na taya nake so."

Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ƙi gaishe shi. Mutumin da ya ƙi jin maganata shekara da shekaru, 'yar mitsitsiyar nan ta kayar da shi. Ya zaɓi wata tayar ƙaramar mota, ya wanke ta da sabulu, ya rataye ta a reshen darbejiya ta bayan rumfa, inda mai wucewa a titi ba zai hango ba. Na ce masa, "Ashe dutsen yana goguwa." Ya yi kamar bai ji ba. Kullum in ya gama yanka sai ya je ya tura ta a lilon, tana ihu yana dariya da bakinsa mai giɓi.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ana cikin zafin bazara, irin wanda kwalta ke narkewa, sai na ji ihun nan da na sani. Wasu suka jawo wani saurayi a ƙasa, suna riƙe da ƙafafunsa, kansa yana dukan kwalta. Daga baya na ji sunansa Nuruddeen, mai tallan rake a baro. Wai waya ya ɗauka. Sun riga sun karya masa hannu, bakinsa jini. Wani yana riƙe da goran fetur irin na 'yan bakin titi.

Na gabansu ya ce, "Baba, kawo taya!"

Zadok ya ce, "Babu."

Suka ture shi, suka birkita rumfa. Guga suka samu, da igiya, da takalma. Har na fara gode wa Allah, sai wani ya leƙa baya ya yi ihu, "Ga shi a nan!"

Endurance tana kan lilon. Ya ɗaga ta ya yar gefe kamar tsumma, ya sa wuƙar Zadok ya datse igiyar. Tayar ta faɗi, ta gangaro.

Ban san tsoho yana da irin wannan gudun ba. Kafin su kama ta ya faɗa mata, ya zura kansa da hannuwansa ciki har ta sauka a ƙirjinsa, ya rungume gindin darbejiya ya sarƙe yatsunsa.

Ya ce, "Ga taya ɗin, ga wuya a ciki. Wanda yana da ashana ya kunna."

Suka ja tayar, suka ja shi, bai saki ba. Wani ya ɗauki ƙarfen da Zadok yake ɓalle taya da shi ya sauke masa a haƙarƙari. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ya sake sauke masa a kan yatsu. Mai goran fetur, ko don tsoratarwa ko don hauka, ya tuttule masa a ka. Na ga wani yaro, bai kai Hosea ba, yana laluben ashana a aljihu.

Na sunkuci tukunyar kununa daga kan wuta na watsa masa a ƙirji. Ya yi ƙara ya faɗi yana birgima. Har yau ban yi nadama ba, ko a gaban fasto haka na ce. Na ɗaga murfin tukunyar ina zaginsu da Hausa da yarenmu, Endurance tana ƙanƙame da zanena. A nan ne wani mai keke ya kutsa cikinsu yana cewa, "Kai, kai! Baba Zadok ne fa! Baba Zadok za ku ƙona?" Wasu suka ja baya, wasu suka fara kallon ƙasa. Motar 'yan sanda ta iso, aka watse. Suka ɗauki Nuruddeen jina-jina, amma da ransa.

Sai da ni da mai keken muka ɓamɓare yatsun Zadok ɗaya bayan ɗaya daga jikin bishiyar.

A asibiti na ce masa, "To, in yaron ya saci wayar fa?"

Ya ce, "Ban tambaya ba."

Haƙarƙarin ya taɓa huhu. Aka sallame mu, amma tarin jini bai bar shi ba, yana ta ramewa har damina ta sauka. Wata yamma ya sa Hosea ya kawo masa tayar lilon da wuƙa. Ya ɗora wuƙar a kanta, karyayyun yatsun suka ƙi riƙewa. Ya gwada, ta suɓuce. Ya dubi Endurance da ke tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ki yi haƙuri da Kaka. Taya ɗin ba zai kwana kuma ba."

Yarinyar ta je ta ɗebo ruwa a kwano ta ajiye kusa da ni, yadda ta saba ganin ana tsoma wuƙa. Ni na taka tayar na tsaga ta, ina yanka ina kuka ina masa faɗa. Yana kwance yana sauraron zarton, bai rufe ido ba sai da ya ji wayar ƙarshe ta tsinke. Bai ga ƙarshen daminar ba.

Ina kewarsa, kuma ina fushi da shi, don ya bar ni da tukunya ni kaɗai a bakin titi. Guntun igiyar lilon yana nan a reshen, ban bari an kwance ba. Wani saurayi ya karɓi rumfar, bai daɗe ba ya fara tara matattun tayoyi. Yanzu kullum kafin in tafi gida nakan je masa da wuƙar Zadok. Yana gaya wa mutane wai tsohuwa ta taɓu. Ya faɗi abin da ya ga dama, taya dai ba ta kwana a gindin darbejiyar nan.