Tanar Roba Ta Tsakiya

Ga wata baƙuwa a bakin dam ɗinmu na Sinaloa, tsohuwa sa'ata, da malafar namiji har kunne. Ina jin ta marigayi mijinta ce. Tana soke tanar roba da ƙugiya a tsakiya, kai da wutsiya suna reto.

"Doña, ta ka ake sokewa!" in ji Nicanor mai kwalekwale. "Ba mu wuri, je ki murza wainar tortiya."

"Ɗan nan, shekara arba'in mijina yana sokewa ta ka, wake muke ci, ba kifi ba."

Ta jefa, ta bar tanar tana nutsewa a hankali, ko kallonsa ba ta yi. Kifin lobina bai taɓa ba tukuna, amma Nicanor, sarkin baki, tun daga nan can gaba da ita yake ɗaure kwalekwalensa.