Jan Layin Katunan Baba

Ko da zan manta komai na shekarun karatuna a Samaru, ba zan manta ranar da na watsar da katunan Baba ba.

Baba ya yi aikin kwamfuta a wata cibiyar binciken noma tun zamanin da ake huda kati a ba inji ya karanta, kowane kati layi ɗaya na umarni a yaren Fortran. Da ya yi ritaya muka koma unguwar Jushi, ya taho da kwali guda na katunan, wai lissafin amfanin gyaɗa ne da ya rubuta yana saurayi. Mama ta sha barazanar hura gawayi da su.

A wani dogon yajin aikin jami'a, zaman banza ya sa na ɗauri aniyar rubuta kwamfaila tawa, wato manhajar da za ta fassara wa kwamfutar yanzu wannan tsohon yare. Ƙawayena suka ce aljanu sun shafe ni. Ni kuwa sauri nake yi, don idon Baba na ta dusashewa, kuma burinsa ya ga aikinsa ya sake tashi kafin ganin ya tafi.

Ranar da na gama, na ɗauko kwalin don in kwafe abin da ke jikin katunan a kwamfuta, sai gindinsa ya ɓalle. Suka watsu a tsakar ɗaki, ga shi babu lamba a jikinsu, ban san na farko ba balle na ƙarshe. Na zauna na fashe da kuka.

"Kukan me kike yi?" in ji Baba. "Kina tsammani ke kika fara zubar da kati? Tattaro su, ki juyo mini gefensu."

Ashe 'yan zamaninsu in sun gama jera kati, sai su ja jan layi a karkace a gefen tarin, saboda irin wannan rana. Baba ya daina ganin ƙaramin rubutun kati, amma yana ganin ja. Ina miƙawa yana sakawa, har layin ya haɗe daga kusurwa zuwa kusurwa, Mama na leƙowa tana cewa mun zama 'yan karta.

Da na gama kwafewa na danna maɓallin kwamfuta, lambobi suka zubo. Baba ya kusan manna hancinsa a gilashin kwamfutar, can ya ce, "Karanta mini, ba na gani." Ashe mun makara. Ina karanta masa, har na kai inda amfanin wata gona ya fito ƙasa da sifiri.

Na ce, "Baba, kwamfailata ta yi kuskure."

Ya tuntsire da dariya har da hawaye. "Kuskurena ne, 'yata! Haka yake yi mini tun ban auri mamanki ba. Kada ki gyara. Yanzu na tabbata nawa ne ya tashi."

Tun ranar na koyi cewa in za ka dawo wa mutum da abin da yake ƙauna, ka dawo masa da shi yadda ya bar shi, har da aibinsa, don ta nan yake gane kayansa.