Na Ƙona Sunana da Hannuna

Abin nan ya ba ni wuya, kuma har yau bai sake ni ba. Ana cewa kwana na maganin komai, ni dai ban gani ba. Ni direba ne, shekaruna sun haura hamsin, fiye da rabinsu a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe na cinye su. Haifaffen Karakkai ne ni. Boko aji uku na yi aka cire ni aka kai gona, amma allo na yi shi sosai, don haka a rubutun ajami ba na jin tsoron kowa. Wannan takardar ma faɗa na yi aka rubuta mini, sannan na kai wa mutum biyu daban suka karanta mini ita, kowanne bai san da ɗayan ba. Da can ba haka nake ba.

Tun ina saurayi nake rubuta waƙa. Ba ta kiɗa ba, rubutacciya mai ƙafiya, irin wadda malaminmu na allo yake rerawa in an tashi karatu. In ina jiran layi a tasha sai in jawo littafina daga ƙarƙashin kujera in yi baiti biyu ko uku. Na yi wa damina, na yi wa gonar mahaifina da yanzu ba mai iya zuwa cikinta, na yi wa wani abokina makiyayi na wajen Kucheri da aka kore wa shanu, wanda ya zauna a gaban motata yana jero mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran 'ya'yansa. A hankali na cika littafi huɗu. Kuma kowace waƙa yadda aka koya mana nake rufe ta: baitocin ƙarshe godiya ga Allah, salati ga Annabi, sannan mai waƙa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Ba a sa suna a sama. Sai ka gama aiki tukuna ka ce wane ne ya yi.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, malamin sakandare ne yana zaune a Tudun Wadar Gusau. Na girme shi da kusan shekara goma, ni na koya masa hawan keke. Saboda wasan da ke tsakaninmu kullum shehin tasha yake ce mini, ni kuma in ce masa mai cin alli. Wata rana ya same ni a tasha ya ce akwai wata ƙungiya a waje da take neman marubutan Afirka masu rubutu da harshen gida. Wanda aka zaɓa za a ɗauki nauyinsa ya je wata ƙasa ya zauna 'yan watanni ya gyara aikinsa, sannan a buga masa littafi. Ya nuna mini a waya, duk Turanci ne. Na yi dariya na tambaye shi me za su yi da waƙar direba, ko motarsu ce ta lalace. Ya ce in bar wasa, irina suke nema, shi zai mayar da ajamin boko, ya fassara, ya cike takardu, ni dai littattafan kawai zan kawo. Gaskiya tafiyar ba ta dame ni ba, ni ko Abuja ba na son kwana. Abin da ya shiga raina shi ne 'ya'yana su ɗauki littafi su ga sunan ubansu a bangonsa.

Sai ya kawo sharaɗi. Ya ce alƙalan da za su duba ba a yarda su san mai aikin ba, don kada a yi son kai, saboda haka duk takardar da aka ga suna a cikinta watsar da ita za a yi. Kuma har hoton rubutun asali za a tura. To ni ga sunana a gindin kowace waƙa. Na sayi reza sabuwa, na zauna a zaure bayan la'asar, na bi shafi shafi ina yanke baitocin ƙarshe. Kwana biyu na yi ina wannan aiki. Da na gama sai ga tarin guntayen takardu a gabana, kowanne da sunan Allah da na Manzo. Irin wannan ba a zubar da shi a bola, ba a barinsa inda akuya za ta ci ko ƙafa ta taka. Matata ta ce in zuba su a gwangwani in rufe in ajiye. Na ce mata duk na haddace su, kuma in an zo buga littafi ai za a mayar da su. Na wanke kasko, na ƙona su, na binne tokar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Zan faɗi gaskiya, shi bai ce in ƙona ba. Amma da na kai masa littattafan na gaya masa abin da na yi, sai ya kalle ni ya ce, “Ka kyauta, Yaya.”

Daga nan sai jira. In na tambaye shi ya ce ba a fitar da sakamako ba. Bayan wata da watanni ya ce ba a dace ba, mutane sun yi yawa, littattafan kuma in ya sami sarari zai kawo. Na ce haka Allah ya so, na ma ba shi haƙuri kan wahalar da ya sha. Ba a daɗe ba aka ce an tura shi kwas ƙasar waje. Ni na ɗauko shi daga gida zuwa tasha, ni na ɗaure masa jaka a motar Kano, na ja wa direban kunne ya tafi da shi a hankali.

Shekara ta zagayo har da 'yan kai. Wata safiya na cika mota na kama hanyar Tsafe, rediyo a kunne, ana shirin marubuta. Sai na ji muryarsa. Na ƙara murya don fasinjoji su ji ɗan'uwana. Aka ce ya karanta wani abu daga sabon littafinsa, sai ya fara jero sunayen shanun abokina. Ban san bakina yana motsi ba, ina riga shi kowane ɗango. Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a gaba ya ce ashe direba kai ma ka haddace waƙar malamin nan, ai Allah ya yi masa baiwa, irinsu ne ke fitar da mu kunya. Ni dai ina jiran ƙarshen. Ya zo ƙarshen da ƙafiyata, da godiyar da salatin, sannan ya faɗi sunansa, da na kawuna, da garinsu Bungudu. Na gangara gefen titi na ce mota ta yi zafi. Na buɗe gabanta na tsaya ina kallon injin da ba abin da ya same shi, har fasinjoji suka fara ƙorafi.

Akwai wani maƙwabcina mai koyarwa a kwaleji, shi ya samo mini littafin ya karanta mini tun daga bango. A shafin godiya, bayan an gode wa mutane da yawa, an gode wa wani direba da ya taimaka wajen kwafe waƙoƙin da ajami. Ni ke nan. Maƙwabcin ya nemo sanarwar ta asali ya fassara mini. Sharaɗin ɓoye suna gaskiya ne, bai yi mini ƙarya a nan ba. Amma a takardar cikewa akwai gurbin mai aikin, akwai gurbin mai fassara, kowanne daban. Har an ce wanda bai iya boko ba yana iya tura muryarsa. Da ya so, da mu biyu muka shiga. Maƙwabcin ya rubuta wa ƙungiyar, suka amsa cikin ladabi, suka ce maganar babba ce, in kawo shaida, ko rubutun asali mai sunana ko wani abu makamancinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kai maganar gaban kawu a Bungudu. Na zaci taubashina zai musa ko ya sunkuyar da kai. Sai ya zo da littattafan nan huɗu a jaka, ya zube su a kan tabarma. Ya ce shi ya kwana ya tashi da aikin, shi ya fassara, shi ya san ƙofar da ake bugawa, da ba don shi ba da ɓeraye ne za su cinye su a ƙarƙashin kujerar mota. Na ce rubutun hannun wa ke ciki? Ya ce tun zamanin da, mai kwafe waƙa daban, mai waƙa daban. Sannan ya tura mini littafi ɗaya gabana ya ce, “Yaya, buɗe ka nuna wa Baba sunanka.” Na buɗe. Kowane shafi gindinsa a yanke, yanka mai kyau, nawa. Kawu ya daɗe yana jan tasbaha, ya ce ko ni ko shi ai sunan gida ɗaya ya shigo, kada mu tona wa kanmu asiri a gaban baƙi. Ya tattara littattafan ya sa a akwatinsa, ya ce sai zukata sun yi sanyi. Suna can har yau.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Akwai irina da yawa a tashoshi da kasuwanni da rugage, masu waƙa, masu zane, masu sassaƙa, kuma waɗannan damammaki da ake sanarwa ba duka ne ƙarya ba, wanda na gani dai gaskiya ne. Amma da harshen da ba mu ji suke zuwa, dole sai ta hannun wani. To kada ka yarda mutum ɗaya ya zame maka ido da kunne da baki, ko da cikinku ɗaya. Ka sa wani dabam ya karanta maka sharuɗɗan. Ka ga inda aka rubuta sunanka da idonka, ko ba ka iya karatun ba ka san siffarsa. Kada ka ba da na asali, ka yi hotonsa ka ba da hoton. Ka rera aikinka a waya ka tura wa mutane su ajiye. Ni ba wayo aka fi ni ba, yarda na yi, sannan na taya shi aikin da hannuna. Zumunci kuwa ban yanke ba, muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, wasan ne dai ya mutu.

Washegarin ranar da na dawo daga Bungudu na yi sammako na tafi tasha. Na sayi sabon littafi a wurin mai tireda, na zauna a mota ina jiran layi. Na so in maido waƙoƙin daga kaina, amma hannuna ya ƙi, ko ɗango ɗaya bai fito ba. Sai na buɗe shafin farko, can sama inda ba a taɓa koya mini in sa ba, na rubuta sunana, da na mahaifina, da Karakkai. Ina rufewa ɗan kamasho ya buga mota ya ce Tsafe ta cika, na tayar.