Tafin Hannu a Ɗaki na Bakwai

Tsohuwar zawiyar garinmu, a kan hanyar Kwaya, ɗakunan halwa ne guda bakwai da ɗan masallaci, duk na tubali da azara. A nan malaman dā suke kulle kansu kwana arba'in suna ibada. Malaman sun ƙare tuntuni. Abin da ya hana ginin bin bayansu shi ne Mainassara magini, maƙwabcina.

Shekara arba'in da ɗaya yana yi wa zawiyar yaɓe, ba wanda ya aike shi. Da an gama ɗaurin gero zai jiƙa makuba, ya kwaɓa ƙasa da ƙafa, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Gidansu na da al'ada: wanda ya gama yaɓen shekara sai ya danna tafin hannunsa a bangon cikin ɗaki na bakwai, kuma wannan bangon ba a shafe shi. Na kakansa na sama, na ubansa mai yatsa huɗu na tsakiya, nasa na ƙasa. Mainassara bai yi lakwal ba, bai san boko ba. In ka tambaye shi asalinsa, gaban wannan bangon zai kai ka.

Sai baƙi suka gano wurin, 'yan Magariya da 'yan ƙetaren iyaka, kowa da wayar salula a hannu. Ba a jima ba wata furoje, irin ƙungiyoyin nan na raya ƙasa, ta iso da motar kamiyo cike da siminti da wani injiniya, Najib, wai za a gyara wurin don masu ziyara.

Mainassara ya ce masa, "Ɗana, ƙasa numfashi take. In ka rufe ta da siminti, ruwa ya shiga ta sama, ta ina zai fita?"

Najib ya yi murmushi ya ce, "Baba, an gode. Ka huta haka nan."

Suka lulluɓe ginin ciki da waje, har ɗaki na bakwai, wai bangon ya yi gargada. Suka kafa allo da Faransanci a ƙofa, da sunan furoje ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma aka rubuta ba a san wanda ya gina ba. Mainassara aka ba shi kujerar roba da gadi. Mu 'yan gari muka tafa, har da ni. Wannan tafin har yau yana ci mini rai.

Damina ta uku bangon gabas ya yi ciki. Wata Talata da hantsi ya zube, ya ja ɗaki na bakwai. Ƙasar da ke bayan simintin ta zama kunu.

Mainassara ya shiga ɓaraguzan da sandarsa yana juya fasassun siminti. A bayan kowane ɓalli ga siffar hannuwa ta fito, don simintin ya kwashe su tun ranar da aka shafa shi. Ya samu mai yatsa huɗu, ya ɗora nasa a kai, ya daɗe a tsaye. Wannan ɓallin kaɗai ya iya ɗauka zuwa gida. Sauran, amalanken jakai suka kwashe aka cike ramukan hanyar kasuwa.

Ya rasu kakar bana. Allon yana nan, ko ƙwarzane babu. Jiya na ji mai zagayawa da baƙi yana karanta musu cewa ba a san wanda ya gina ba.